Wasiƙar da Na Ɓoye wa Labbo a Kumashi

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Sau uku na fara wannan rubutu, sau uku na yaga shi, domin duk lokacin da na kai tsakiya sai in ga kamar wanke kaina nake yi, ko kuma ina ɗora wa wanda ba ya nan laifin da ba zai iya karewa ba. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne Yaya Hassi. Makon jiya na je gaishe ta a gidan ɗanta da ke Gesse, nan Birnin Kebbi, na tarar idonta ya tafi gaba ɗaya, muryarta ma sai na kai kunne kusa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Arzika, in na tahi, wa za ya hwaɗa mishi?" Da na koma gida na sayi takarda.

Ni mutumin Gulma ne, a ƙasar Argungu. Labbo, wanda wannan labari yake kansa, taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Hajo, ƙanwar babana ce, Yaya Hassi kuwa ita ce yayarsa. Ya girme ni da shekara biyu. Ni aka kai elemantare, shi aka bari ga kwalekwale da gonar shinkafa, shi ya sa tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai Akawu. Ni kuma ina ce masa Maroƙi, don na san yana jin haushin sunan.

Gidansu gidan masunta ne, babu wanda ya taɓa riƙe abin kiɗa. Amma Labbo ya fafe ƙwarya ya ɗaura mata zaren fatsa ya yi molo, ya riƙa yi wa masu gayyar yankan shinkafa waƙa a fadama. Waƙarsa ba irin wadda aka saba ba ce. Ba ya kiran sarki, ba ya kiran attajiri. Kwalekwalensa mai yoyo yake yi wa waƙa, da sauron fadama, da wata mai tallar kifi da ta ƙi kallonsa. Shi ke ƙirƙirar maganar, shi ke ƙirƙirar muryar, kafin a ɗaure dami na ƙarshe kowa ya iya.

Lokacin da na koma Birnin Kebbi ina rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, maƙwabcina wani ma'aikacin asibiti ne, Malam Yohanna, Kirista daga ƙasar Filato. Yana da jita wadda yake waƙoƙin majami'arsu da ita, yana kuma da garmaho. Labbo ya kawo shinkafa kasuwa, ya sauka wurina don kwana biyu, ya yi wata biyar. Malam Yohanna ya koya masa inda ake ɗora yatsu, a ƙarshe ma ya bar masa jitar. Wata rana muna sauraren faifan mutanen Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, mai ƙaho da ganguna, Labbo ya ce, "Akawu, waɗanga ba su hi ni baki ba. Ƙarhe kawai sunka hi ni." Daga ranar bai sake maganar komai ba sai zuwa inda ake saka murya a faifai.

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce, "Ba mu gaji roƙo ba." Ya ce, "Inna, ni ba roƙo nikai ba, ban kiran sunan kowa." Da ya je yi mata sallama ta juya fuskarta ga bango, ko "Allah ya kiyaye hanya" ba ta ce ba. Amma da yamma ta kira ni bayan rumbu ta ce, "Kai ad da idon takarda. Bi shi. Kada a rubuta mishi abin da bai sani ba." Dalilin tafiyata ke nan. Ban iya kiɗa ba, ban iya waƙa ba. Ido aka aike ni in zama.

Ba zan tsaya kan fitarmu ba. A Gaya, bakin Kwara, bayan mun fita Nijeriya, muka fara sanin mun bar gida. Wani mai kakin gwamnati ya tare mu ya ce jita ba ta ƙetare ruwa sai da hatimi. Ya karɓe bargonmu guda ɗaya, ya ba mu wata 'yar takarda da Faransanci. Labbo ya miƙo mini ya ce, "Mi tac ce?" Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma kunya ta hana ni faɗa a gaban mutane. Na ce, "Ta ce mu wuce." A cikin jirgin fito aka gaya mana mutumin ɗan wanki ne, kakin ma na wani ne da aka ba shi ya wanke. Labbo ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Wannan ne karo na farko da na karanta masa abin da ba a rubuta ba, kuma na lura bai yi wuya ba.

A wani gari da ake kira Zugu motar da muka shiga ta lalace muka yi kwana shida a gindin wata bishiya. Wata tsohuwa da ba mu jin yarenta ta riƙa kawo mana doya da manja kullum da hantsi, ta zauna nesa kaɗan, Labbo ya kaɗa mata jita. Ranar da za mu tashi ta ɗaura masa wani ƙyalle a wuyan jitar. Har rabuwarmu ƙyallen yana nan. A can ne na fara mafarkin tuwon shinkafa da miyar kifi, in farka ina tauna banza.

A Yeji, wurin jiran jirgin da ke ƙetarar da motoci, muka haɗu da Tanko. Haifaffen zangon Kumashi ne, Hausarsa ta ɗan karkace, yana da haƙorin zinariya da agogo mai sarƙa. Ya tsaya ya saurari Labbo har waƙa uku, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, wannan murya ba ta bakin kogi ba ce. Ina da gidan rawa, ina da makaɗa, masu yin faifai kuma a gidana suke sauka." Ya saya mana abinci, ya sa mu a gaban mota. Da muka kusa Kumashi ya ce tun da Gana ta sami 'yancin kai 'yan sanda suna kama baƙi, gara ya adana mana takardunmu na tafiya a akwatinsa na ƙarfe. Labbo ya dube ni. Ni kuwa tun daga gida nake fargabar kada takardun nan su faɗi, ina taɓa aljihu sau ɗari a yini. Da hannuna na miƙa su, har da godiya.

Gidan Tanko yana da katanga mai tsawo, an kafa fasassun kwalabe a samanta. Ƙofa ɗaya ce, da maigadi wanda ban taɓa ganin ya yi murmushi ba. An ba mu ɗaki a bayan madafa, babu taga sai wata kafa da hayaƙi ke shigowa ta cikinta. Ranar Juma'a kaɗai muke fita, zuwa masallaci, maigadi yana bayanmu. Tanko ya ce don kada mu ɓata ne.

Dole in faɗi gaskiya, da farko Labbo bai ji ɗaurin ba. Ya sami abin da yake nema. Makaɗan gidan Tonawa ne, 'yan asalin ƙasar Kumashi, ba su jin Hausa, shi ba ya jin Tonanci, amma in ya rera layi ɗaya mai ƙaho ya ɗauka, mai ganga ya shigo, sai ka ji waƙar sauron fadama ta zama wata aba da mutanen birni ke rawa da ita. Ya koyi tsayawa gaban makirfo, ya koyi gajarta waƙa don ta shiga faifai. Ni aikina wanke kofuna, da rubuta waƙoƙinsa a littafi don kada su ɓace. In na tambayi Tanko takardunmu sai ya ce, "Sai masu faifai sun zo." In na ce yaushe, ya ce wata mai kamawa. Haka damina ta same mu, ta wuce, wata ta sake zuwa.

Mutum ɗaya ce ta sa gidan ya zaunu, mai dafa abinci, Mame Akosuwa. Hausarta ba ta wuce kalma goma ba. Ta lura ba ma iya haɗiye sakwararsu, sai ta riƙa dafa mana shinkafa da busasshen kifi a wata 'yar tukunya dabam, ta turo mana da ƙafa ta ƙofar ɗaki don kada a gani. Ta ce, "Ci, ci. Tunani babu kyau."

Wasiƙunmu ta akwatin gidan waya na Tanko suke zuwa, kuma a buɗe suke isowa hannuna. Yaya Hassi, wadda ke aure a Birnin Kebbi, ita ke faɗa, Malam Yohanna ya rubuta. Biyu sun zo, kowa ya yi gaisuwa a ciki har da maƙwabta, ban da Gwaggo. Kowane karo Labbo zai jira in kai ƙarshe, ya ce, "Shi ke nan?" In ce shi ke nan. Sai ya ɗauki jitarsa.

Ta ukun, Tanko ya kira ni ofishinsa ni kaɗai da azahar. Ya ajiye ta a kan tebur ya ɗora yatsa a kai. Na karanta a tsaye. Gwaggo ta kwanta ciwo, an kawo ta gidan Yaya Hassi, ta yi kwana tara ta cika. A ƙasa Malam Yohanna ya rubuta cewa kwana ɗaya kafin ta rasu ta sa an kira shi da alƙalaminsa, ta ce a gaban Hassi, "A gaya wa Labbo na yafe masa duniya da lahira. Ya yi waƙarsa, kada dai ya zagi kowa a ciki."

Tanko ya ce, "Masu faifai za su zo nan da mako uku, wannan karon da gaske. Mai makoki ba ya waƙa. In ka buɗe baki kafin nan, takardunku murhu za su shiga."

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina barazanar nan ce ta rufe mini baki. Ba ita kaɗai ba ce. A wurinmu ƙarami ba ya kai wa babba labarin rasuwa. Dattijo ake nema, ya zo ya zaunar da mutum, ya yi ta kewaye-kewaye da nasiha, sannan ya faɗa. Balle kuma ni, taubashi, wanda bakinsa na wasa ne. Sau nawa na ce wa Labbo kwalekwalensa ya nutse, ko budurwarsa ta yi aure, don kawai in ga fuskarsa? Na ga bai dace mutuwar uwa ta fito daga irin wannan baki ba. Na ce zan nemo dattijon Kabi, mutumin ƙasarmu, a cikin zango, ya yi abin yadda ake yi. Niyyata ke nan, Allah ya sani. Amma ban san iyakar inda ladabi ya tsaya tsoro ya fara ba, har yau ban sani ba.

Na same shi a tsakar gida, zaune kan kifaffen daro, yana canza wa jita tsirkiya. Ya riga ya hangi ambulan.

"Akawu, ɓoyo kakai? Ko budurwa ta rubuto maka? Wa za ta so mai wankin kohi? Zamna ka karanta."

Na zauna. Na karanta gaisuwa. Na karanta cewa ruwa ya yi yawa bana ya ci wasu gonaki a fadama. Da na iso wurin, na tsallake zuwa "wassalam".

"Shi ke nan?" Ya ɗaga kai. "Inna hwa? Har yanzu?"

Ban shirya ba. Fuskarsa kawai na gani. Na ce, "Tana gaishe ka."

Ya ajiye jitar a hankali. "Mi kac ce?"

"Tana gaishe ka."

"Akawu, in wasa kakai, yau ba ni son wasa."

"Ba wasa ba ne."

"Nuna min wurin."

Na ɗora yatsa a kan takardar ba tare da na duba ba. Da na duba, ashe a kan layin da aka rubuta ta cika na ɗora. Labbo ya sa nasa yatsan a wurin, ya shafa, ya shafa a fuskarsa. Ya ce in ba shi takardar ya riƙe. Na ce zufa za ta ɓata ta, gara in adana. Na san in tana hannunsa wata rana zai ba wani ya karanta. Na farke ɗinkin hulata na cusa ta a ciki na ɗinke.

Cikin kwana huɗu ya yi waƙar da ta fi duk waƙoƙinsa. Ni na rubuta ta a littafi, yana faɗa yana kai da kawowa a ɗan ɗakinmu.

Inna, gaisuwarki ta iso,
Ta ƙetare Kwara, ta ratsa daji.
Kada ki rufe ƙofa da wuri,
Ɗanki na tafe, ba da roƙo ba.

Ya ce, "Rubutunka karkacewa shikai, Akawu. Yunwa ta, ko kishi?" Na ce sanyi ne.

Mame Akosuwa ce ta fara gane akwai abin da ke cina, don ta ga shinkafata tana komawa. Da hannu da 'yan kalmomi na nuna mata ina son fita. Washegari ta tsaya gaban maigadi ta yi ta faɗa da Tonanci tana dafa ƙugunta, har ya bar ni in ɗaukar mata kwando zuwa kasuwa. Ta zauna wurin masu kifi ta ce in je. Na shiga layin 'yan goro ina tambayar ko akwai dattijo mutumin Kabi. Aka ce akwai Malam Buhari, ɗan Gulma ma kuwa, amma ya yi lodin goro ya tafi gida, sai ya dawo. Da na so, da na roƙi limamin zango, ko kowane mai furfura. Amma na ce a raina wanda ya san Gwaggo shi ya fi dacewa, zan jira shi. A hanyar komawa ruwan Kumashi ya sauko mana kamar da bakin ƙwarya. Na jiƙe tun daga hula har takalmi. Na tuna da abin da ke cikin hular, amma na ji tsoron farkewa in duba. Na shanya ta a kan ƙusa.

Masu faifai suka zo, wani Bature da wasu Tonawa biyu, da na'urarsu a bayan mota. Aka rufe tagogin ɗakin rawa da barguna da rana tsaka. Labbo ya yi waƙar Inna sau ɗaya, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Da aka juyo masa da muryarsa ya ji, ya kama kafaɗata ya ce, "Wanga shi za mu kai mata. Mu aro garmahon Malam Yohanna, mu ajiye shi tsakar gida, in tsaya bayan ƙohwa in ga ko za ta gane ni."

Na koma wurin Tanko. Ya ce sai faifan ya dawo daga inda ake buga shi. Ya ƙara da cewa, "Yanzu kana iya gaya masa, in kana so." Ya faɗa yana sakace haƙori. Barazana ta kau, amma ban faɗa ba. Kowace rana da ta wuce sai ta ƙara wa maganar nauyi, domin yanzu ba mutuwa kaɗai zan faɗa ba, har da ƙaryata. Na riƙa cewa gobe. Ranar da na lissafa arba'in ɗin Gwaggo ta cika, na ɗauki abincina na miƙa wa wata makauniya ta ƙarƙashin ƙofa. Iyakar sadakar da aka yi mata daga wajenmu ke nan, ɗanta kuwa yana ciki yana gyara waƙar da zai tarbe ta da ita.

Ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, mutanenmu na zango suka shirya biki a fili da la'asar, Tanko ya kai makaɗansa. An kafa tutoci kore da fari, mata sun yi anko, har maigadinmu ya shige cikin masu rawa. Karon farko ke nan da Labbo ya tsaya gaban taron Hausawa zalla. Da ya fara waƙar Inna filin ya yi tsit. Na ga manyan mutane, waɗanda suka shekara ashirin ba su je gida ba, suna share ido da bakin riga. Aka sa shi ya maimaita.

Yana saukowa wani dattijo mai farin rawani ya ratso mutane ya kama hannunsa da hannu biyu. Tun kafin ya yi magana na gane shi ne Malam Buhari, don tsagen fuskarsa irin namu ne. Na yunƙura in isa gare shi, mutane suka tare ni.

Ya ce, "Kai ne Labbo ɗan Hajo? Sannu, ɗana. Ka yi mata abin da ya kamata. Allah shi jiƙan ta, Allah shi sa ta huta. Ina cikin waɗanda sunka kai ta. Yaya haƙuri?"

Labbo ya ce, "Baba, wace Hajo?"

Malam Buhari ya dube shi, ya dubi jitar, ya saki hannunsa a hankali. Ya ce, "Ba a rubuto muku ba? Hassi ta ce min an rubuto."

Labbo bai yi kuka a wurin ba. Ya juyo ya neme ni da ido, ya taho, ya ja ni bayan wata motar kaya inda kiɗa bai cika kai wa ba.

"Yaushe?"

"Wata uku ke nan."

"Ranar da kac ce tana gaishe ni?"

"Ta riga ta rasu. Labbo, dattijo nake nema. Ban so ka ji daga bakina ba."

"Kuma ka zamna ka rubuta waƙar da hannunka."

"Ka saurare ni, akwai abin da ya fi gaisuwa. Ta yafe maka. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira, ta ce ka yi waƙarka. A rubuce yake."

"Kawo takardar. Ba kai za ka karanta ba. Akwai masu ido da yawa cikin filin ga."

Na cire hula na farke ɗinkin da haƙori. Takardar ta manne da juna. Da na ɓamɓare ta, babu harafi ko ɗaya. Tawadar duk ta narke ta zama shuɗin tabo, kamar an zuba baba na rini a kan ƙyalle. Labbo ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"To, Akawu. Karanta min wagga kuma."

Na rantse masa da Allah. Ya ce, "A Gaya ma ka karanta." Ashe ya sani tun ranar. Ya ce, "Ranar nan ka ga huskata ka ba ni gaisuwa. Yau ka ga huskata ka ba ni gahwara. Gobe mi za ka ba ni?" Ya rataya jitarsa ya nufi tashar mota. Na bi shi. Ya tsaya bai juyo ba, ya ce, "Arzika, koma." Tun da muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na tsaya ina kallon ƙyallen tsohuwar Zugu har taro ya rufe shi.

Malam Buhari ya tara manyan zango suka je wa Tanko, ya fito da takardunmu duka biyu ba tare da gardama ba, tun da wanda yake tsarewa ya riga ya tafi. Na yi kwana goma ina zagaya tashoshi da masallatai. Mame Akosuwa ta ɗaure mini gari da kifi a ganye, ta dafa kaina ta faɗi wata magana mai tsawo da ban gane ba. Na dawo gida a saman buhunan goro, da takardar tafiyar Labbo a aljihuna da littafin waƙoƙinsa.

Bayan kamar shekara ɗaya faifan ya iso Birnin Kebbi. Wani mai shago a bakin kasuwa ya riƙa sa shi kowace ranar kasuwa, mata suna tsayawa da tallarsu suna ji. Duk garin ya san Hajo ta rasu, ga ɗanta yana ce mata kada ta rufe ƙofa. Na daina bin wannan layin. Yaya Hassi ba ta taɓa zagina ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka bari ya yi kukanshi." Malam Yohanna ya sake rubuta maganar Gwaggo, ya sa hannu, Hassi ta dangwala yatsa, muka aika zangon Kumashi. Wasiƙar ta dawo. Shi Malam Yohanna ya rasu tuni.

Labarai sun riƙa zuwa. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi yana kiɗa a wani otal a Lome. Wani alhaji ya ce ya ji muryarsa a rediyon Abijan, da wani suna dabam. Na rubuta wasiƙu ban san iyakarsu ba. Ban tabbatar da ko ɗaya daga cikin labaran nan ba, kuma ba na so in rubuta abin da ban tabbatar ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanenmu mazauna Gana da Togo da Kwaddebuwa. Labbo dogo ne, baƙi, da tsagen Kabawa, yana da tabon ƙugiyar kifi a babban yatsansa na hagu, kuma in zai fara waƙa sai ya taɓa kunnensa na dama. In kun san shi, ko 'ya'yansa, ko inda aka binne shi, ku aiko ta hannun editan wannan jarida. In yana raye, kada ku ce masa ni na ce. Ba na neman ya yarda da ni, ba na ma neman ya gan ni. Ku ce masa yayarsa Hassi tana Gesse, tana ɗakin lokacin da Inna ta yi magana, da kunnenta ta ji. Ita kaɗai ta rage. Ya yi sauri.